Kada Mu Ci Iri: Tarihin Karatun Kwamfuta Daga Libreville Zuwa Doso



A hutun da ya wuce na koma gida, wani ƙauye tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Da marece ina zaune gindin rumbu ina shan fura, sai ga wata ƙanwata, ɗiyar kawuna, wadda ke ajin ƙarshe a lise. Ta gaishe ni, ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Yaya, in Allah ya ba ni bak, anformatik nika so. Ina za ni?" Na ce mata Doso mana, ga jami'a nan kusa da gida. Ta ce, "To in na tai, akwai wuri? Akwai mai koya min?" Sai na ajiye ludayi. Na san hanyar Doso, na san kuɗin mota, amma amsar wannan tambaya ta biyu ba ta bakina.

Kuma ba ita kaɗai ke yin ta ba. Duk wanda ya zauna fada a Dogon Dutsi ko Matankari ko Geceme bayan an fiddo sakamakon bak ya san kalmomin da ke yawo tsakanin shayin farko da na uku: anformatik, rezo, telekom. A zamanin iyayenmu ɗan lakkwal mushe yake so ya zama, ko likita, ko ɗan duwan. Yau salula na aljihun kowa, kuɗi ma ta cikinta suke bi, kuma yaro ya gane akwai wasu mutane a bayan gilashin nan da suka rubuta abin da yake latsawa. Yana so ya shiga cikinsu. Shi ya sa na ce bari in bi sawun abin tun daga tushe, in ga yadda ƙasarmu ta yi ta ƙoƙarin biyan wannan buƙata, da inda take tuntuɓe kowane karo. Abin da na tarar, kowane manomin Arewa ya riga ni saninsa: wanda ya cinye iri da rani, da damana sai kallon gonar wasu.

1971: ƙofofi biyu

A watan Janairu na 1971 shugabannin ƙasashen ƙungiyar OCAM, galibinsu rainon Faransa, suka taru a Fort-Lamy, garin da yau ake kira Injamena. Cikin abin da suka yanke har da kafa makarantar kwamfuta guda ta haɗin gwiwa, IAI, wadda aka zaunar a Libreville, babban birnin Gabon. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu. Dalilin haɗa kan a fili yake. Kwamfutar wancan zamani ɗaki guda take cikawa, tana son sanyi, tana son kuran da ba ya yankewa, kuma tsadarta ta sa sai gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni ke iya ajiye ta. Aikinta lissafin albashi da haraji da ƙidaya. Mutane ƙalilan da suka iya sarrafa ta sun ishi ƙasa kamar tamu. To me zai sa kowa ya gina tasa makarantar? Sai a yi jarrabawar gasa, a tsamo ƴan tsiraru, a ba su bursu, su hau jirgi.

A wannan shekara dai, zamanin Diori Hamani, aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Shugabanta na farko, Boubakar Ba, masanin lissafi ne. Wanda ya gaje shi a 1979, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin fizik ne da ya ƙarar da rayuwarsa kan cin moriyar hasken rana. Sunansa jami'ar ta ɗauka a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Wato jami'armu ta farko a hannun mutanen lissafi ta tashi, kuma da karatun kwamfuta ya zo, a ɗakin lissafi aka sauke shi. Har yau a tsangayar kimiyya sashen guda ne: lissafi da anformatik. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Salon haɗin gwiwar ya ci gaba. A 1981 aka kafa makarantar sadarwa ta ESMT a Dakar, da Nijar cikin masu ita. Makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai ita ma ƙungiyar CEAO ce ta gina ta, ta buɗe a 1990, sannan ta dawo hannun Nijar bayan ƙungiyar ta watse.

Ga ɗan Arewa kuwa, hanyar zuwa waɗannan wurare doguwa ce ƙwarai. Sai ya gama firamare a ƙauye, ya samu kwaleji, ya ci birebe, ya bar gida zuwa lise a Doso ko Yamai, ya zauna gidan mai masauki yana ɗebo ruwa da safe kafin ya tafi aji, ya shiga seri C ko D, ya ci bak, sannan ya ci gasa. Kowane mataki rariya ne. Lisen Doso sunan Sarauniya Mangu ta Lugu yake ɗauke da shi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Amma ɗiyan Lugu nawa suka zauna bencinsa a wancan zamani?

Duk da haka tsarin ya yi abin da aka nufa da shi, domin gwamnati ce mai buƙata. Ita ke ƙirga mutum nawa take so, ita ke ɗaukar su aiki in sun dawo. Ramin da ke ciki shi ne, don ofis aka horar da su, ofis kuwa ya riƙe su. Makaranta na can wata ƙasa, malamanta na can, ba abin da ya tilasta mana renon namu. Muna auno hatsi a kasuwa, ba mu share gona ba.

Shekarun fari

Da shigowar shekarun 1980 kasuwar uraniyom ta faɗi, baitulmali ya bushe. Daga 1983 gwamnatin Seyni Kountché ta shiga yarjejeniyar tsuke bakin aljihu da FMI, sai ga farin 1984 a kai. Masu ba da lamuni a lokacin suna ganin kuɗin ilimi firamare ya kamata su tafi, jami'a kuwa kamar kayan ado ce ga matalauciyar ƙasa. Maganar rage bursu da daina ɗaukar kowa aiki ta taso. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai ƴan USN suka fito daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, uku suka rasu. Allah ya jiƙansu. Jininsu na cikin abin da ya kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Shekarun da suka biyo baya, tambayi duk wani malami mai furfura: albashi ya yi watanni bai zo ba, yajin aiki kan yajin aiki, shekarun karatu da aka soke ɗungurungum.

Sai kuma Janairun 1994, aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da yake sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi a dare ɗaya: kwamfuta, littafi, kayan gyara, har kuɗin karatun ɗalibin da ke Turai.

Ku dubi abin da ke faruwa a duniya daidai wannan lokaci. A 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, injin ya fito daga ɗakin sanyi ya shiga ofisoshi da gidaje. A farkon shekarun 1990 yanar gizo ta buɗe ga kowa. Wato shekarun da ya kamata mu tura matasa su yi doktora su dawo su kafa sassa, su ne shekarun da jami'armu ɗaya tak ke fama da biyan bursu. Ruwan shibka ya sauka, mu muna neman abin sawa a baki.

Fasahar ba ta jira mu ba. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 intanet ta shigo ta hannun SONITEL. A 2001 Celtel ta fara aiki, wadda ta zama Zain, ta zama Airtel. Orange ta biyo a 2008, ita ce Zamani ta yau. Siber suka tsiro a Yamai, suka bi kwalta har suka iso garuruwanmu. Ni kaina a wani siber na fara taɓa linzamin kwamfuta, hannuna na rawa, ina kallon agogo kada awata ta ƙare. Buƙata ta tashi daga hannun gwamnati ta koma hannun jama'a, kuma ba mai iya ƙirga ta.

Waɗanda suka fara amsa ta su ne makarantu masu zaman kansu da ke shirya ɗalibai ga BTS, sai reshen da IAI ta buɗe a Yamai, sai karatun nesa: Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta intanet a 1997, ƙungiyar jami'o'in Faransanci ta AUF ita ma ta buɗe zauren kwamfuta a Yamai. An samu alheri a ciki, da yawa daga cikin masu riƙe da rezon bankuna da kamfanoni yau ta nan suka bi. Amma a nan ne kuma kalmar anformatik ta rikice a kunnen iyayenmu. Uba ya sayar da rago, ya biya wa ɗansa wata uku na Word da Excel, a ba shi takarda, gida a yi murna an samu injiniya. Iya tuƙa mota daban, iya ƙera ta daban. Ilimin kwamfuta na jami'a shi ne sanin yadda ake warware matsala mataki-mataki har inji ya iya bi, da yadda ake tsara bayanai, da yadda injuna ke magana da juna. Wannan ba ya koyuwa sai da malamin da shi ma ya sha wuyarsa.

Ambaliya

Yanzu ga lissafi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Daga 2001 shirin musamman na Tandja Mamadou ya yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka, a 2003 kuma aka fara shirin shekara goma na bunƙasa ilimi, PDDE, aka ɗebi malaman kwantaragi aka watsa karkara. Yaron da aka sa aji ɗaya a 2003, in bai maimaita ba, shekara 6 firamare, 4 kwaleji, 3 lise: a 2016 zai ƙwanƙwasa ƙofar jami'a. Mu ne wannan ambaliyar. Tun ranar da aka rubuta sunayenmu a rajista ana iya sanin ranar da za mu iso.

Gwamnatoci sun gani, sun kuma motsa. A 2008 cibiyoyin fasaha na IUT suka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010, zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, garuruwan uku suka samu cikakkun jami'o'i. A watan Agusta na 2014, zamanin Issoufou Mahamadou, doka ta ƙara huɗu: Agadas, Difa, Tilaberi da Doso. Kowacce an ba ta fannin da za ta fi ba ƙarfi, kuma rabon Doso shi ne fasahar sadarwa da kwamfuta. A 2017 aka kafa hukumar ANSI don ta ja ragamar harkar fasahar zamani a ƙasa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada mu raina. Abin da a 1971 sai an hau jirgi zuwa Gabon, yau yana nan kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi, a kan kwalta guda. Daga Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ma ya fi kusa. Uwar da ba za ta yarda ɗiyarta ta tafi Dakar ba tana iya yarda da Doso, inda ake aika mata da ƙullin gari da mota ta safe.

Sai dai doka rana ɗaya ake sa mata hannu. Gini shekara biyu ko uku ya tashi. Kwamfuta in akwai kuɗi wata guda ta iso. Malamin jami'a fa? Bayan bak, lisans shekara 3, masta 2, doktora aƙalla 3: shekara 8 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma mun san ba ya tafiya daidai. Bayan nan sai ya yi bincike ya hau matakan CAMES, hukumar da ke auna malaman jami'o'in ƙasashenmu, wadda a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, kafin ya kai matsayin da shi ma zai jagoranci mai doktora. Cikin shekara biyar mun tashi daga jami'ar gwamnati guda zuwa takwas, dukansu kuwa rijiya ɗaya suke jefa guga. Sannan ga kasuwa tsaye bakin rijiyar: kamfanonin salula, bankuna, ƙungiyoyin agaji, ƙasashen waje. Masanin tarihi in ya gama doktora, jami'a ce gidansa. Masanin kwamfuta tun yana masta ake yi masa tayin albashin da ya fi na malaminsa.

Yadda abin yake a aji, na gani da idona a wata makaranta da na fara karatu, ba sai na faɗi suna ba. Da alli aka koya mana yaren C. Mu rubuta shiri a takarda, mu miƙa, a gyara da jan biro, ba tare da inji ya taɓa gwada shi ba. Ranar aikin hannu mu huɗu ko biyar kan kwamfuta guda, mai ƙarfin kafaɗa ke riƙe madannai, ƴan mata na tsaye a baya suna leƙe. Wani darasin kuma malaminsa baƙo ne daga wani gari: a jira shi wata uku, ya zo ya zuba karatun zango guda cikin kwana goma, safe da marece, ya yi jarrabawa ya hau mota. Ban ga laifinsa ba, wallahi, shi ma wurare uku yake rufewa. Amma hatsin da aka zuba wa ruwan damana duka cikin kwana goma, kun san abin da zai zama.

Ga kuma kuran. Tun 1976 layin wutar da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Doso zuwa Yamai shi ne jijiyar yammacin ƙasar, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka katse ta a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumi a farkon 2024. Ɗalibin adabi ya kunna tocila ya ci gaba da karatu. Namu ɗalibin sai ya zagaya gari da kwamfuta a jaka yana neman mai gurup.

Masu kuɗi ma sun sha wannan

Kada mu ɗauka talauci kaɗai ne. Amurka, inda aka buɗe sashen ilimin kwamfuta na farko a jami'ar Purdue a 1962, ta faɗa wannan rami tun kafin mu. Da ƙananan kwamfutoci suka fito, ɗalibai suka yi tururuwa. Masu samun digirin farko a fannin sun tashi daga wajen 11,000 a 1980 zuwa wajen 42,000 a 1986. Malamai kuwa kamfanoni na ta kwashe su, har da ɗaliban da ya kamata su tsaya su yi doktora. A 1981 Peter Denning, shugaban ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM a lokacin, ya rubuta gargaɗi, kuma da abin da ya kwatanta halin da ake ciki? Da manomin da ke cin irin da ya ajiye don shibka. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Ba'amurke ma ya san zancen rumbu.

Abin da jami'o'insu da yawa suka yi shi ne ƙuntata ƙofa: ƙayyade gurbi, tsaurara darussan shekarar farko don a zubar da mutane. Adadin ya faɗo zuwa wajen 25,000 a tsakiyar shekarun 1990. Wa aka zubar? Wanda ya zo bai taɓa taɓa inji ba. Wanda aka saya wa kwamfuta a gida tun yana yaro, galibi ɗa namiji na masu hali, shi ya tsallake. A 1984 mata su ne kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin kwamfuta a Amurka. Daga nan adadin ya yi ta gangara har ya kai wajen kashi 18, kuma har yau bai koma inda yake ba. Masana da dama na ganin ƙuntata ƙofar nan na cikin dalilai. Ambaliyar ta sake dawo musu wajen 2000, ta kuma dawowa bayan 2006, kowane karo da kukan rashin malamai.

Darasin a gare mu ba ɓoyayye ba ne. In wuri ya yi kaɗan aka ce a tace, ɗan Yamai da ya tashi da kwamfutar babansa zai shige. Ɗan Sukukutan da Dogon Kiriya da Dumega zai tsaya waje, ɗiya mace kuma ita ce ta farkon tsayawa. Ƙanwata ke nan.

Amma akwai waɗanda suka bi wata hanya. Jami'ar Stanford tun shekarun 1980 ta ɗauki ɗaliban da suka yi gaba, ta horar da su, ta ba kowanne ƙaramin rukunin sababbi ya riƙa zama da su yana duba aikinsu. Malami guda ya yi babban darasi, manyan ɗalibai su bi da gyara. Mu wannan ai ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo alaramma guda ne, amma gardi ke biya wa kolo, shi ya sa tsangaya mai yara ɗari ba ta tsayawa. Kuma gardin da ya biya wa wani, nasa karatun ke ƙara zama.

Irin da ke hannunmu

To me tarihin nan ke ce mana mu nema? In mun tashi kai kuka, mun saba cewa bursu, gidan abinci, motar ɗalibai, kuma haƙƙinmu ne. Amma mu ƙara da maganar iri. Kowace shekara a ware waɗanda suka fi hazaƙa a lisans, a riƙe su da bursun da mutum zai rayu da shi har doktora, da alkawarin za su dawo aji, da albashin da ba zai sa su jin kunya gaban abokansu na banki ba. Wanda aka fara renonsa bana, sai nan da shekara biyar ko shida zai tsaya gaban allo. Duk shekarar da aka ɗaga, an ɗaga girbin.

Na biyu, lissafi. Na ce ku riƙe zancen ɗakin da aka sauke anformatik. Rijiyar da ake ɗebo malaman kwamfuta ita ce seri C da D, kuma kowa ya san yadda ajin C yake a lisunanmu: wani wuri ƴan ƙalilan, wani wuri babu shi sam. Yaro tun a kwaleji yake tsorata da lissafi, sau da yawa don bai samu mai zaunar da shi ba. Alhali abin ba baƙonmu ba ne. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake cika hatimin lissafi, gida bayan gida, bisa ƙa'idar da duk wanda ya bi ta zai samu jimla guda ta kowace fuska. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙa'ida mataki-mataki da ba ta kuskure, ai ita ce ake kira algoritim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi. Mu da muke jami'a, hutu wata biyu ko uku muke yi a gida. In kowannenmu ya tara yara goma na kwalejin garinsu ƙarƙashin bedi, ya yi musu lissafi da Hausar da suke ji, ya bar su su taɓa kwamfutarsa, ba sai an jira doka ba. Tun Maris na 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a kundin sake gina Nijar, ba mai ce maka ka yi laifi.

Na uku, wurin zama. Senegal ta kafa jami'ar intanet a 2013, amma ba ta ce kowa ya zauna ɗakinsa ba: ta gina zaure a garuruwan jihohi, mai wuta da rezo da masu taimaka wa ɗalibi. Zaure irin wannan a Dogon Dutsi da Tibiri, haɗe da jami'ar Doso, ba mafarki ba ne. Rana muna da ita har ta yi yawa, kuma Abdou Moumouni ya nuna mana amfaninta tun kafin a haife mu. Intanet ta tauraron ɗan'adam, Starlink, ta fara aiki a ƙasar a 2025. Hukumomin garuruwa, ƴan kasuwarmu, da ƴan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Lome suna iya haɗa hannu. Sai dai in an gina, a tuna: zaure ba gardi ɗakin ajiyar ƙura ne. Mun sha ganin kwamfutocin kyauta lulluɓe da zane a ofishin darakta har suka mutu ba a kunna ba.

Kafin in baro gida na sake zama da ƙanwata. Na ce mata ta riƙe lissafinta da hannu biyu, ta nemi Doso, ta nemi Yamai da Maraɗi, ta gwada gasar EMIG da ta IAI, kada ta tsaya ƙofa guda. Na ce za ta tarar da cunkoso, za ta rubuta shiri a takarda, wani lokaci za ta jira malami har ta gaji. Ta ce, "Yaya, kai in ka ƙare, ina za ka?" Na ce ina sa ran wani kamfani a Yamai. Ta ce, "To wa za shi koya muna?"

Kakarmu na gefe tana gyaran zangarniya. Kowace kaka ita ke zaɓen manya masu cikar ido, ta ɗaure su dami daban, ta sa a rataye can ƙuryar rumbu. Ta sha ba mu labarin 1984, yadda yara ke kuka, maƙwabta na cewa ta sauke damin nan a daka, ta ƙi. Da ruwa ya sauka, gidaje da dama wurinta suka zo roƙon abin shibka.

Ban ba ƙanwata amsa a ranar ba. Amma da na dawo na je na tambayi yadda ake neman gurbin masta, na kuma rubuta sunana cikin masu zama da ƴan shekarar farko ranar Asabar. Mu shida ne yanzu, da kwamfuta uku. Duk wanda ke da inji, ko tsoho ne, ko kuma yana da lissafi a ka, ya nemi waɗanda suka ba shi wannan ɗan littafi, za su nuna masa inda muke zama.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.